Ni da Sikeli: Wata Shida Ina Rage Sitaci

3 ga Yuni

Yau na fara, kuma na yi wa kaina alkawarin rubuta duk abin da ya faru ko da bai yi mini daɗi ba. Shekarata 41, tsawona mita 1.72, nauyina da safen nan kafin in sa komai a baki kilo 96.4. Idan aka raba nauyin da tsawo sau tsawo ana samun 32.6, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 30 zuwa sama ƙiba ce ta sosai. Na zagaya tef daidai cibiya, santimita 108. Abin da ake so shi ne kada ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum, wato ni 86. Da sauran tafiya.

Takardar gwajin jini ce ta tayar da ni tsaye. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, ya fito 6.0. Daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, daga 6.5 ciwon sukari ne. Likita ya cire tabarau ya ce, "Malam, ba ka shiga ba tukuna, amma kana tsaye a bakin ƙofa."

Tsarin da na ɗauka shi ne kada sitaci da sukarin da nake ci a yini su wuce giram 50. Na ajiye sukarin shayi, lemon kwalba, burodi, shinkafa, taliya, dankali da biskit. Abin da ya rage mini: ƙwai, kifi, kaza, nama, ganye, kabeji, kokwamba, tumatir, fiya, gyaɗa da man zaitun.

Na zauna na lissafa karin kumallona na jiya, sai da na yi dariya. Yankan burodi ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 14, ni kuwa huɗu nake ci. Ƙaramin cokali na sukari giram 4 ne, uku nake zubawa. Giram 68 ke nan tun ban sa takalmi ba. Da rana ga shinkafa, kofi ɗaya na dafaffiya kusan giram 45, kuma ban taɓa tsayawa a kofi ɗaya ba. Gwangwanin lemo mai mililita 330 ya ƙara wajen 35.

6 ga Yuni

Kaina kamar ana sara. Na miƙe daga kujera a ofis sai jiri ya ɗebe ni, na dafa tebur. Cikin dare kuma ƙafata ta ɗaure har sai da na tashi zaune.

Na kira likita. Ya ce idan aka rage sitaci, sinadarin insulin yana sauka a jini, in ya sauka kuwa ƙoda tana sakin gishiri ta fitsari, ruwa ya bi shi. Shi ya sa nake ta zaryar bayi tun shekaranjiya. Ya ce in sha romo mai ɗan gishiri, in yawaita ruwa, in ci ganye da fiya. Ya ƙara da cewa ya ba ni wannan shawara ne don ba ni da hawan jini. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba zai ƙara gishiri da ka ba, balle ma Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 a yini ta ce babba ya ci.

Na sha romon. Kafin awa ɗaya kan ya saki.

10 ga Yuni

Kilo 93.9. Kilo biyu da rabi a mako guda! Maiɗakina ta taya ni murna, ni ma na yini ina shafa ciki. Da dare na ɗauki biro, murnar ta ragu.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700. Kilo biyu da rabi ya kama 19,250, wato giɓin 2,750 kowace rana, kusan duk abin da mutum irina yake ƙonawa a yini. Sai dai in ban ci komai ba tsawon mako, ni kuwa na ci na ƙoshi. To ina nauyin ya tafi? Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta, wajen 400 a tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da ajiyar ta fara ƙarewa sai ruwan ya bi ta. Mafi yawan abin da sikeli ya nuna mini ruwa ne. Kitsen da ya tafi bai fi rabin kilo ba, in ma ya kai.

Na rubuta wannan da manyan baƙi don ranar da sikeli zai juya mini baya.

19 ga Yuni

Matsala biyu, duka ba na faɗa a gaban mutane ba ne.

Ta farko, kwana uku ban zaga ba. Da na bar hatsi da wake da 'ya'yan itace, ashe na bar harza ma, wato ɓangaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa, wanda ke tura abinci gaba. Ana so babba ya samu giram 25 a yini, ni ƙila ko goma ba na samu. Na cika rabin faranti da kabeji, alayyafo da kuɓewa a kowane ci, na ƙara ruwa. Abin ya warware.

Ta biyu, maiɗakina ce ta faɗa mini, cikin dabara irin tata. Ta miƙo mini buroshi ta ce, "Ko za ka sake?" Idan sitaci ya yi ƙasa, hanta tana sarrafa kitse zuwa sinadaran kiton don ƙwaƙwalwa da tsoka su samu makamashi. Ɗaya daga cikinsu, asiton, ta numfashi yake fita, shi ne ma sinadarin da ake goge fentin farce da shi. Buroshi ba ya maganinsa sai dai ya rage.

Na sayi 'yan tsinkayen gwajin kiton na fitsari, na yi kwana huɗu ina kallon launi kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Asarar kuɗi ce a wurina. Launin yana sauyawa da yawan ruwan da mutum ya sha, kuma yana dushewa idan jiki ya saba da amfani da kiton ɗin. Ba ya faɗin ko kitse na tafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yunwa. A da ƙarfe goma sha ɗaya na safe hannuna yana cikin aljihun tebur yana neman biskit. Yanzu ƙwai uku da ganye suna kai ni ƙarfe biyu ban tuna da abinci ba. Wannan ne karo na farko da na rage ci ba tare da na yini ina faɗa da cikina ba.

1 ga Yuli

Kilo 92.8, ƙugu 105. Na daina yarda da awon rana ɗaya. Ina hawa sikeli kowace safiya, amma matsakaicin mako nake rubutawa, domin tsakanin Talata da Laraba kaɗai na ga bambancin giram 800 ba tare da na sauya komai ba.

Wani abu game da karanta takardar jikin kayan abinci, wanda ya rikita mini lissafi kwana da kwanaki: a kayan Amurka, adadin kabohaidiret, wato sitaci da sukari, ya haɗa har da harza, sai mutum ya cire ta da kansa. A kayan Turai kuwa an riga an ware ta daban. Wanda ya sake cirewa ya cuci lissafinsa. Haka kuma madara: kofi ɗaya giram 12 na sukarinta na asali. Zuma babban cokali wajen 17. Na ɗauka tun da ba farin sukari ba ce ba ta cikin lissafi, ashe tana ciki tsundum.

22 ga Yuli

Mako uku ke nan ina tsakanin 92.1 da 92.5. Na fara zargin komai: tumatir, albasa, har ɗan lemon tsamin da nake matsawa a ruwa. Na ƙara matse sitaci zuwa giram 30, shiru.

Ranar Asabar na sayi ƙaramin sikelin kicin na auna duk abin da ya shiga bakina na kwana uku. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Gyaɗar da nake ɗiba ina kallon labarai ta kai giram 120 a dare, kuma giram 100 nata kusan kalori 570 ne. Man da nake kwararawa a ganye babban cokali huɗu, kowanne wajen kalori 120. Ga bota a ƙwai, ga cuku. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne, na furotin 4, na maiƙo 9. Na kori mai huɗu ta ƙofa, na shigo da mai tara ta taga.

Na sha jin ana cewa in dai ka bar sitaci, ci maiƙo iya son ranka. A jikina dai wannan magana ba ta yi aiki ba. Na mayar da gyaɗa giram 30 a ɗan kofi, in ta ƙare ta ƙare. Mai kuma da cokali nake aunawa, na daina zubawa daga bakin kwalba. Na ƙara kifi da kaza don furotin ya kai wajen giram 110 a yini, saboda shi ya fi riƙe ciki, kuma yana taimakawa kada tsoka ta zube tare da kitse.

4 ga Agusta

An yi walimar sallamar wani abokin aiki ranar Juma'a. Na shiga da niyyar cin nama da salak, na fito da faranti biyu na shinkafa da yankan kek a cikina. Washegari sikeli ya ce 92.9, alhali ranar Alhamis 91.4 ne.

Da a shekarun baya ne, nan zan ce an gudu ba a tsira ba, in watsar da komai. Sai na buɗe shafin 10 ga Yuni na karanta manyan baƙin nan. Kilo ɗaya da rabi na kitse yana buƙatar rarar kalori sama da 11,000, faranti biyu ba su kai ko kusa ba. Gilaikojin ne ya koma mazauninsa da ruwansa. Ban yi wa kaina horon yunwa ba, na dai ci gaba da abin da na saba. Yau Litinin 91.8, yana sauka.

18 ga Agusta

Gardama ta kaure a ofis. Wani abokin aikina ya ce wannan rage sitaci sabon yayi ne na intanet, wani kuma, wanda ya fi ni zafi a harkar, ya ce sitaci guba ne, duk mai cin shinkafa yana kashe kansa. Na rasa da wanda zan fara.

Na farkon dai tarihi ya ƙaryata shi. Tun 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi yana ba da labarin yadda ya rage ƙiba da barin burodi, sukari, dankali da giya bisa shawarar likitansa. A 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abinci mai ƙarancin sitaci sosai don masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani bai yi musu ba. Robert Atkins ya sake farfaɗo da zancen a 1972.

Na biyun ne ya fi ba ni aiki, don ni ma raina yana so a ce hanyata ta fi ta kowa. Amma ga abin da aka gani da aka gwada. A jami'ar Stanford, Christopher Gardner da abokan aikinsa sun raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, duka aka ce su yawaita ganye su guji sukari da gari mai laushi. Sakamakon ya fito a 2018: bayan wata 12 masu rage sitaci sun sauke matsakaicin kilo 6.0, masu rage maiƙo 5.3. Bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a kowane ɓangare akwai wanda ya sauke kusan kilo 30, akwai kuma wanda ya ƙara kusan 10. Wani gwajin da aka yi a Isra'ila, aka buga a 2008, ya bi mutum 322 shekara biyu: masu rage maiƙo kilo 2.9, masu cin abinci irin na yankin Bahar Rum 4.4, masu rage sitaci 4.7.

Ni abin da na fahimta a jikina shi ne wannan tsari ya kashe mini yunwar tsakar rana, ya kuma raba ni da biskit da lemo, waɗanda su ne nake ci ba don yunwa ba. Wani zai samu haka ta wata hanyar. Abokin nawa bai ji daɗin wannan amsa ba, ya ce na fara sanyi.

Kilo 90.6.

5 ga Satumba

Gwajin wata uku ya fito, da daɗi da ɗaci. HbA1c ya sauko 5.7. Kitsen jini na tiraigilisaraid ya faɗi sosai, HDL, kolestarol mai amfani, ya ɗan hau. Amma LDL, kolestarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyi, ya tashi daga 128 zuwa 161.

Na ce, "Likita, ai na ji ana cewa wannan ba komai ba ne in dai sukari ya sauka." Ya girgiza kai ya ce, "Malam, wanda ya faɗa maka haka ba shi zai kwanta a gadon asibiti ba." Ya tambaye ni abin da nake ci, na lissafa: bota, cuku, jan nama mai kitse kusan kullum, fatar kaza. Ya ce daskararren maiƙo irin wannan yana ɗaga LDL, kuma wasu mutane jikinsu ya fi saurin amsawa. Bai ce in koma gidan jiya ba. Ya ce in musanya: man zaitun maimakon bota, kifi sau uku a mako, jan nama sau biyu, in kuma dawo da wake da alkamar Turawa ta oat saboda harzarsu tana taimakawa wajen rage kolestarol.

Wannan yana nufin giram 50 ba zai yiwu ba, domin sitacin dafaffen wake giram 100 kaɗai ya haura giram 20. Na ji kamar an ƙwace mini tuta. Da na natsu sai na tambayi kaina, wa ya ce lallai sai 50? Masana da yawa suna kiran duk abin da ya gaza giram 130 a yini ƙarancin sitaci. Na tsayar da 90 zuwa 100.

21 ga Satumba

Yayata ta ga wandona yana zamewa ta ce ita ma gobe za ta fara. Gabana ya faɗi, don ita ciwon sukarin ya riga ya kama ta, tana shan ƙwayoyi biyu. Na ce, "Yaya, don Allah kada ki taɓa abincinki sai kin ga likitanki."

Ba tsoratarwa ba ce. Mai yin allurar insulin ko shan magani irin su gilibenkilamaid, idan ya yanke sitaci kwatsam bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Masu shan irin su empagliflozin da dapagliflozin kuwa kiton na iya taruwa a jininsu har ya zama guba, alhali na'urar gwaji tana nuna sukari lafiya lau. Mai shan maganin hawan jini ma jininsa na iya sauka fiye da kima. Mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda duk ba su shiga wannan da ka. Ta ce na cika iyayi tun da na rage tumbi, amma dai ta ɗauki ranar ganin likita.

12 ga Oktoba

Mako biyar da ƙara sitaci. A makon farko sikeli ya hau giram 700, na san ruwa ne ban ko damu ba. Yanzu 89.0. Warin baki ya tafi, bayan gida ya daidaita, kuma ina iya zama a teburi ɗaya da yara ba tare da an dafa mini nawa daban ba, wanda maiɗakina ta ce shi ne babban ci gaban da aka samu tun Yuni.

Yadda nake kasa giram ɗarin: oat kaɗan da yogot marar sukari da safe, wake ko rabin kofin shinkafa da rana, tuffa ko lemu ɗaya. Ɗan itacen nake ci da kansa, ba na matse ruwansa, don matsewa tana zubar da harza ta bar sukari. Da dare kifi ko kaza da ganye.

Na kuma fara tafiyar ƙafa minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙaranci ga babba, da ɗaga ƙarfe marar nauyi sau biyu. A lokacin da nake kan giram 30, hawa bene hawa uku sai in ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu dutse. Yanzu babu wannan.

Barci ma yana da hannu. Duk daren da na kwanta bayan ƙarfe ɗaya, washegari burodi nake gani ko ina na juya.

9 ga Nuwamba

Kilo 88.3. Saukar ta koma kamar tafiyar hawainiya, giram 150 zuwa 200 a mako. Jiki mai kilo 88 ba ya ƙona abin da mai 96 yake ƙonawa, don haka abincin da ya ba ni giɓi a Yuli yanzu ya kusa zama daidai wa daida. Ban yi niyyar ƙara matsewa ba. Saurin zubewa ma yana da nasa sharrin, yana ƙara haɗarin tsakuwa a matsarmama.

Na huda sabon rami a bel.

3 ga Disamba

Wata shida cif. Kilo 87.6, wato na sauke 8.8, kashi 9 cikin ɗari na nauyin da na fara da shi. Lissafin nauyi da tsawo ya koma 29.6, na fito daga rukunin 30 da ƙyar. Ƙugu 97, saura santimita 11 kafin rabin tsawona. HbA1c 5.6. LDL ya sauko 134, har yanzu ya ɗara inda ya fara, likita ya ce a sake dubawa a watan Maris kafin a yi zancen magani.

Ya tuna mini da babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka buga a 2002, mai mutum 3,234 da ke bakin ƙofa irina. Waɗanda aka sa wa burin sauke kashi 7 cikin ɗari da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ya ce aikin da ke gabana yanzu shi ne kada kilo takwas ɗin nan su dawo, don a shekara ta biyu ne akasari suke lallaɓowa.

Mun yi yarjejeniya: zan ci gaba da giram 100, in hau sikeli sau uku a mako maimakon kullum, kuma duk ranar da matsakaicin mako ya haura 89 in fito da sikelin kicin in sake auna abincin kwana uku. Na ce masa gyaɗa zan fara dubawa. Yaya kuma ta kira ɗazu, likitanta ya rage mata ƙwaya ɗaya ya ce ta fara da barin lemon kwalba da sukarin shayi kawai, tana tambaya ko zan ara mata tef ɗin awo.